Wuyan Gidanmu: Tunawa da Gwaggo

Daga Allah muke, kuma gare Shi Gwaggo ta riga mu komawa. An fita da ita da hantsi daga gidanta na Jushi. Kafin maza su dawo daga maƙabarta, tsakar gidan ta cika da mata har babu inda za a ajiye takalmi.

Kowa da irin kukansa. Babana, wanda shi ne ƙanenta, bai zubar da hawaye ba. Ya zauna a zaure yana amsa gaisuwa, yana ta juya hularsa a hannu kamar ajiyarta aka ba shi. Matan kasuwar Sabon Gari suka rufe rumfunansu suka zo a ƙungiya. A gabansu akwai Mama mai atamfa, maƙwabciyar Gwaggo a kasuwa, Ibo ce haifaffiyar Sabon Gari, wadda Hausa ta zauna a bakinta tun tana yarinya. Tun daga ƙofa ta fasa ihu. Wata daga cikin danginmu ta taɓa ta, ta ce, “Yi haƙuri, addu'a take so, ba a yi wa mamaci kuka da ƙarfi.”

Mama ta ce, “Ku bar ni. Ni ban iya kuka a hankali ba. Ita ma ta sani.”

Ina zaune a ƙofar ɗakin Gwaggo, mayafina ya zame ban kula ba, sai tsohuwar da ta yi mata wanka ta tsaya a kaina. Ta kama haɓata ta ɗaga, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, “Allah sarki. Ku zo ku gani, wuyan nan bai mutu ba.”

Mata suka juyo. Wata ta ce ai wuyan gidansu ne, haka uwarsu ma take. Wata ta ce cikakke, mai guru, kamar an zana. Lallashina suke yi, na sani. Amma sai na ja mayafi na naɗe har haɓa. Babu wadda ta sani a cikinsu cewa abu na ƙarshe da Gwaggo ta roƙe ni shi ne in je asibiti a yi wa wuyan nan sikanin, wato hoton da ake duba cikin jiki da shi, domin ta ji wani abu a cikinsa da yatsanta. Na ce mata to, kuma har aka fita da ita ban je ba.

Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba. Da aka yaye ni, Baba ya ɗauko ni daga Samaru ya kawo mata riƙo, kamar yadda ake yi wa ’yar'uwar da Allah bai ba ta nata ba. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka bakinta bai taɓa kiran sunana ba. “Uwata” take ce mini, ko da kuwa faɗa take yi. “Uwata, don ubanki sauko daga kan katangar nan!” Haka maƙwabta suke ji su yi ta dariya.

Sana'arta duwatsun wuya. Rumfarta ƙarama ce, amma idan rana ta faɗo a kan farantanta sai ka ce an zubar da bakan gizo: murjani, tsakiya, ’yan kunne, sarƙoƙin amare. A ƙarƙashin teburin nan na girma. A nan nake ɓuya da littattafan soyayya da nake haya, ina karanta labarin ’yan mata masu dogon wuya da samari masu sanyin murya, a samana kuma ina jin ƙarar duwatsu suna faɗawa faranti, ƙas, ƙas, ƙas. Har yau idan gida ya yi shiru nakan ji wannan ƙarar. Nakan juya in duba, babu kowa.

Ba ta auna wuyan mace da zare. Sai ta ce, “Matso, ’yar nan,” ta zagaya wuyan da yatsunta, ta lumshe ido, sannan ta yanke zare daidai. Idan amarya ta zo da uwarta suna ta juya sarƙa suna ajiyewa, ta gane ba su da hali, sai ta ce, “Ku tafi da ita, a dawo mini da ita bayan biki. Sarƙa ba ta tsufa a kwana biyu.” Wasu sun dawo da ita, wasu har yau. Ba ta taɓa aika kowa ya bi sawu ba.

Sannan guɗa. Duk Jushi babu mai guɗarta. Idan ta kama hanci ta rangaɗa, sai ka ji abin ya tashi siriri, ya yi sama, ya yi rawa a can, sannan ya sauko a hankali kamar ba ya son ƙarewa. Ana zuwa ɗaukarta har daga Bomo saboda biki ko suna. Ranar da ’yar Mama mai atamfa ta yi aure, Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofar coci da hijabinta, ana fitowa da amarya ta saki guɗa, har masu ganga suka tsaya suna neman inda abin ya fito. Da aka dawo gida wani malami a unguwa ya yi magana. Gwaggo ta ce, “Yarinyar da na goya a bayana? Ko a bakin rijiya aka ɗaura aurenta sai na yi mata.”

Ta yi wa haihuwar mata da yawa guɗa. A gidanta kuwa ba a taɓa yin ta ba, sai dai idan tana gwada murya da safe.

Ciwon ya shigo mata a hankali, ina makarantar sakandare. Ana tsananin zafin bazara ita tana neman bargo. Ta riƙa gyangyaɗi a rumfa da zare a hannu, gashinta yana bin mataji, fuskarta ta kumbura. Da aka yi gwajin jini, likita ya ce akwai wata ’yar tsoka a gaban maƙogwaro, wadda idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo, ita ce take ba jiki kuzari. Ya ce garkuwar jikinta, wadda aikinta yaƙar cuta, ita ce ta juya tana yaƙar wannan tsokar, kuma abin yakan bi matan gida ɗaya. Ya rubuta mata wata ’yar ƙwaya da za ta riƙa sha kullum kafin karin kumallo.

Gwaggo ta ce, “Wato maigadin ne yake jifan gidan?”

Likita ya yi dariya ya ce kusan haka ne. Sannan ya taɓa wuyan, ya ce yana jin gudaji-gudaji, yana so a yi mata sikanin yanzu, kuma a riƙa maimaitawa lokaci-lokaci.

Ƙwayar ta karɓe ta. Ta dawo da kuzarinta, ta dawo da faɗanta. Ba ta taɓa tsallake safiya ba, gwajin jini ma tana zuwa a kan kari, kullum a ce ya yi kyau. Sikanin ne kawai ta ƙi.

Ta je sau ɗaya, ni na raka ta. A asibitin ɗaki ɗaya ne ake yi wa kowa, kuma bencin da ke ƙofarsa cike yake da masu ciki. Yara ne yawancinsu, sa'o'ina, da lalle a ƙafa, kowace ta riƙe robar ruwa tana sha. Muna isa wata ta matsa ta ce, “Sannu Hajiya, ’yarki kika rako?”

Na ce a'a, ita za a yi wa.

Sai wata mai bakin tsiya daga ƙarshen benci ta ce, “Kai, masha Allah! Hajiya, wata nawa?”

Benci ya ɗauki dariya. Ba da mugunta suka yi ba, zaman jira ne ya ishe su. Gwaggo ta yi murmushi, ta gyara mayafinta, ta ce mini bari ta kama ruwa. Na jira, na jira. A bakin titi na same ta tana tsayar da mai keke.

Baba ya zo daga Samaru a kan maganar, suka yi faɗan da ban taɓa ganin sun yi ba. Ya ce, “Yaya, wuya za a duba, wuya! Me ya haɗa ki da masu ciki?”

Ta ce, “Na'urar ɗaya ce ko ba ɗaya ba ce?”

“Ɗaya ce, amma…”

“To na san ta, ita ma ta san ni. Lokacin da aka fara kawo ta garin nan, marigayi maigidana ya kai ni. Wata uku ban ga al'ada ba, har na fara ɗinka ’yan riguna a ɓoye. Aka kwantar da ni, aka shafa mini abin nan mai sanyi, mutumin ya yi ta yawo da ita a cikina. Sannan ya ce, Madam, babu kowa. Haka ya ce, babu kowa, kamar wanda ya leƙa kango. Na fito ta gaban benci, mata suna kallona. Kai kana ina a ranar? Kana makaranta kana buga ƙwallo. Yanzu da furfurata ka ce in koma in zauna a layin nan?”

Baba ya ce rai ya fi kunya. Ta ce ran nata ne. Ya ce taurin kanta ne zai kashe ta. Ta ce ya tashi ya bar mata gida. Ya tashi, har ya kai zaure, ta ƙwala masa kira ya dawo ya ɗauki tuwon da ta ɗaure masa.

Daga nan duk wanda ya tayar da maganar sai ta ce, “Jinina lafiya lau, likita ya faɗa.” Mu ma muka yarda. Mun ɗauka idan jini ya yi kyau, wuya ma ya yi kyau. Kuma wuyan yana ƙara cika, mata suna ƙara yabawa. A gidanmu cikar wuya ado ce. Kakarmu da shi aka san ta, har waƙa ’yan mata suka yi mata a dandali. Wa zai kalli abin da ake yi wa waƙa ya ce ciwo ne?

Tana da wani murjani na gado, na mahaifiyarta, ja mai duhu, wanda ba ta cire shi sai za ta yi wanka. Wata rana na same ta ta kwance shi a faranti tana sake zare. Na ga ta ɗauko ƙwaya ɗaya daga na sayarwa ta ƙara. Na ce, “Gwaggo, ai wannan bai yi kala da sauran ba.”

Ta ce, “Zaren ne ya tsuke. Zaren yanzu ba shi da kirki.”

Bayan wani lokaci zaren ya sake tsukewa. Ya kuma sakewa. Sababbin duwatsun ta jera su ta baya, wajen ƙeya, inda mayafi yake rufewa.

A bikin ’yar ƙanwar Ummata abin ya fito fili. An fito da amarya, mata suka buɗa wa Gwaggo hanya kamar kullum. Ta kama hanci, ta ɗaga kai. Guɗar ta tashi, ta kai rabi, sai ta tsage kamar tsohon zane. Ta sake gwadawa, iska kawai ta fito. Wata ta yi maza ta karɓa don a rufe, aka ci gaba da biki. Gwaggo ta ce mura ce. Murar ba ta tafi ba. Muryar ta dishe, tuwo ya fara tsaya mata, ta koma kunu.

Mama mai atamfa ce ta karya ta. Ta zo gida da safe da mai keke, ta tsaya a tsakar gida ta riƙe ƙugu.

“Tashi mu je.”

“Ina?”

“Kin sani. Ni zan zauna a layin, in an tambaya in ce ni ce mai cikin, ’yan biyu ne ma. Ke ki tsaya a baya kamar uwar mijina.”

Gwaggo ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da tarin ya lafa, ta kalle mu, ta ce in ɗauko mata mayafi.

Mace muka samu a ɗakin, wata likita mai magana a hankali. Ta kwantar da Gwaggo, ta sa mata matashi a ƙarƙashin kafaɗa har wuyan ya miƙe, ta ce a cire murjanin. Ni na cire, na riƙe shi a hannuna da ɗuminsa. Ta shafa man nan mai sanyi, ta ɗora kan na'urar. Ɗakin da duhu-duhu, hasken allon ne kawai a fuskokinmu.

Ni dai ban ga komai ba sai toka-toka, kamar hadari yana haɗuwa. Likitar ta ce da tsokar lafiya take, da mun gan ta sumul, kala ɗaya. Amma ta mai irin wannan ciwon takan zama dabbare-dabbare, duhu nan, haske can, saboda tabon yaƙin da jiki ya daɗe yana yi da ita. Ta ce yawancin duhun nan ba komai ba ne. Wahalar ita ce mugun ƙulli yakan ɓuya a cikinsu, ya yi kama da su, shi ya sa ake so a riƙa dubawa ana kwatanta hoton bana da na bara, a ga wanda ya canza. Gwajin jini ba ya nuna shi.

Sai hannunta ya tsaya.

A tsakiyar allon akwai wani abu da ya fi sauran duhu. Sauran a kwance suke, shi a tsaye yake, gefensa ba daidai ba, kamar an yage shi. A cikinsa akwai ’yan ɗigo-ɗigo farare masu ƙyalli. Allah Ya gafarta mini, abin da ya fara zuwa raina shi ne taurari. Na ce a zuciyata, ji wani kyau, sama ce guda a wuyan Gwaggo. Likitar ta gangara da na'urar gefen wuya, ta ce kaluluwar wajen ma ta canza kama, ita ma da ɗigon a cikinta.

Gwaggo ta ce da dishasshiyar muryarta, “’Yar nan, juyo mini da shi in gani.”

Aka juyo mata da allon. Ta daɗe tana kallo.

“Akwai wani abu?”

“Akwai, Mama.”

“Ya daɗe?”

“Da alama ya daɗe. Sai mun ɗebo kaɗan da allura an gwada kafin mu tabbatar.”

Gwaggo ta gyaɗa kai. Ta ce, “To. Yau dai ba a ce babu kowa ba.”

Mama mai atamfa ta fita da gudu. Muna jin kukanta daga baranda.

Ciwon daji ne. Likitoci suka ce irinsa idan an kama shi yana ƙarami yawanci ana cire shi mutum ya ci gaba da rayuwarsa, amma nata ya riƙe jijiyar murya, ya kuma gangara ƙirji. An yi aiki, an cire abin da ya ciru. Ta dawo gida da tabo da ’yar muryar da sai ka kai kunne. Hoton da aka ba ta a ɗakin sikanin, ɗan ƙarami mai santsi irin wanda amare suke nuna wa mazajensu, ta sa shi a cikin kwanon da take ajiye ’yan kunnenta. Wani lokaci nakan shigo in same ta tana kallonsa. Ban taɓa tambayarta me take gani ba.

A wannan lokacin ni ma na riga na fara shan ƙwayar. Ciwon ya biyo ni kamar yadda likitan farko ya ce yana bin matan gida. Kuma an sa ranar aurena da wani malamin makaranta mai sanyin murya, irin wanda na daɗe ina karantawa a ƙarƙashin tebur. Kaina cike yake da lalle da kayan ɗaki.

Wata la'asar ta yafito ni. Tana zaune a kan tabarma, ta jingina da bango, ta rame har zobenta yana yawo a yatsa. Murjanin yana cinyarta.

Ta ce, “Uwata, matso in gwada miki. Guɗa dai ba zan samu yi miki ba.”

Na durƙusa na ba ta baya. Ta zagayo da shi, ya sauko mini har ƙirji saboda duwatsun da aka ƙara. Sai ta juyo da ni, ta zagaya wuyana da yatsunta yadda take yi wa amare, ta lumshe ido. Yatsun suna tafiya, suna tafiya, sai suka tsaya a gefen dama.

“Haɗiyi yawu.”

Na haɗiya.

“Sake.”

Na sake. Ta buɗe ido. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Gwaggo ba, ko ranar da aka shiga da ita tiyata, sai a ranar.

“Ki je a duba.”

Na ce, “To, Gwaggo. Bayan biki.”

Ta riƙe mini hannu da ƙarfin da ban san ya rage mata ba. “Ni ma bayan wani abu na yi ta cewa. Ki je, Uwata. Ki zauna a bencin. Su yi dariyarsu.”

Na ce to. Ba ta ƙara kwana da yawa ba.

Aka yi uku, aka yi bakwai, aka yi arba'in. Aka ɗaga biki. Na zauna a gidan Jushi tare da wata ’yar'uwarmu, kuma kullum da safe idan na tsaya gaban madubi sai hannuna ya tafi gefen dama da kansa. Abin yana nan, kamar ƙwayar gyaɗa a ƙarƙashin fata. Ina tsoron a ce akwai. Ina tsoron wuƙa, da tabo, da muryata. A duk littattafan da na karanta ban taɓa gamuwa da amarya mai tabo a wuya ba. Da na faɗa wa wanda zan aura, sai ya ce, “Ni wuya na ce ina so, ko ke? Ki shirya gobe in kai ki.” Na ce ba gobe ba. Ya ce jibi. Na ce zan faɗa masa.

Na sa an rufe ɗakin Gwaggo, amma ƙarar duwatsu ba ta daina ba. Ina shara in ji ta, ina wanke-wanke in ji ta, ƙas, ƙas, kamar tana sake zare a bayan ƙofa. ’Yar'uwar tawa ta ce ɓera ne. Wataƙila ɓeran ne.

Ranar da na tafi ban gaya wa kowa ba. Na sa murjanin a ƙarƙashin hijabi, na hau keke. Bencin yana nan yadda muka bar shi, da masu ciki da robobin ruwansu. Na zauna a ƙarshe. Ba a jima ba ta kusa da ni ta kalli cikina, ta kalli hannuna babu lalle, ta ce, “Ke kuma wata nawa? Ai ko alama babu.”

Wasu suka yi ƙus-ƙus. Kafin in san me nake yi na miƙe, na kama hanyar fita, ƙafafuna suna bin inda na Gwaggo suka bi. Na kai bakin baranda, ina hango masu keke a titi, sai wata mota ta wuce da ’yan kai amarya, wata a ciki ta saki guɗa. Siririya ce, ta yi sama, ta yi rawa a can, ta sauko a hankali. Na san ba ita ba ce. Na san inda aka kai ta. Amma na tsaya a wurin gashin jikina a tashe har motar ta ɓace, sannan na juya na koma na zauna a inda na tashi.

Na ce wa yarinyar, “Wuya za a duba mini.”

Ta ce, “Au, ana yi wa wuya? Allah Ya ba da lafiya.” Ta matsa mini, har ta miƙo mini ruwanta.

Likitar nan ce dai. Ta gane ni, ta yi mini gaisuwar Gwaggo. Na cire murjanin da kaina, na kwanta, na ji sanyin man a fatata. Allon ya kawo hadarinsa, irin na Gwaggo sak, dabbare-dabbare. Na nuna mata gefen dama. Ta duba ta sama, ta duba ta gefe, ta ce wannan da ake ji da hannu ba abin tsoro ba ne, kumburin ciwon ne kawai, gefensa sumul, babu komai a cikinsa. Na fara hamdala, har na yunƙura zan tashi. Ta ce in dakata ta duba hagu, tunda na zo.

A hagu hannunta ya tsaya.

Ƙarami ne ƙwarai, can ciki, inda babu yatsan da zai kai. Baƙi, a tsaye, da ɗigo fari ɗaya ko biyu. A wannan karon ban ga taurari ba.

Allura ta tabbatar. Aka yi aiki, likitoci suka ce bai fita ko'ina ba, an same shi da wuri, sai dai in riƙa zuwa ana dubawa. Na ce ko kullum suke so zan zo. Baba ya zauna a bakin gadona yana juya hularsa, sai a ranar na ga hawayensa. Ya ce, “Abin da Yaya ta ji da yatsanta ma ba shi ba ne.” Na kasa amsawa, domin muryata ba ta fita. Makonni ta yi a dishe, ina magana kamar Gwaggo a ƙarshenta, har ’yar'uwata ta daina yarda in kira ta daga bayanta.

A cikin kwanakin shirun nan na buɗe ɗakin Gwaggo. Na zauna a tabarmarta, na kwance murjanin a faranti, na ware duwatsun da ta ƙara. Ba su da wuyar ganewa, jansu ya fi haske. Na mayar da na gadon a sabon zare, na ɗaura, ya zauna daidai a kan tabon. Sauran kuma na bi matan gidanmu da su, duk mai cikakken wuyan nan da ake yabo, na ba ta ɗaya na faɗa mata dalilin da ya sa aka ƙara shi. Wasu sun je an duba su. Wata ta ce ita jininta lafiya lau. Ban gaji da komawa gidanta ba.

Muryar ta dawo wata safiya, ina amsa sallamar mai ruwa. Na tsaya a tsakar gida ina maimaita sallamar ni kaɗai kamar mahaukaciya. Sai na shiga ɗakin Gwaggo, na tsaya inda take tsayawa idan tana gwada murya, na kama hancina. Ban taɓa koya ba. Abin da ya fito karkatacce ne, ya hau da ƙyar, ya yi tuntuɓe a sama, amma bai tsage ba, ya sauko har ƙasa.

Maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan katanga da kumfa a hannunta.

“Lafiya? Guɗa nake ji. Wa ya haihu a gidan nan?”

Na taɓa murjanin, na ji tabon a ƙarƙashinsa.

Na ce, “Gwaggo ce. Ni ta haifa.”

Ya Allah, ga baiwarKa nan ta zo maKa babu murya. Ka yafe mata taurin kanta, Ka saka mata da sarƙoƙin da ba a dawo mata da su ba, Ka yalwata mata makwanci, Ka sanyaya shi. Duk wanda ya karanta wannan, ya yi mata addu'a.